Tarihin Gidan Manomi Mai Sana'a a Ƙasar Zazzau: Sharhi a Kan Labarin Baba ta Karo da Takwarorinsa

1.0 Gabatarwa

Zabi ɗaya ce daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, tare da Samaru da Hanwa da Basawa da Bomo da sauransu. Kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kafin kuma a kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, wannan yanki karkara ce ta manoma, waɗanda damina kan same su a gona, rani kuma ya same su a maƙera ko marina ko masaƙa, ko kuwa bisa hanyar fatauci. Tun daga wancan lokaci, musamman bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da wuya a sami wata karkara a ƙasar Hausa wadda masu bincike suka zirga-zirga a cikinta kamar wannan. An auna gonakinta, an ƙirga damman hatsinta, an lissafa sa'o'in da manominta yake yi a duƙe.

Amma duk da haka, ɗalibin da ya tashi neman tarihin gida guda na manomi mai sana'a a wannan yanki zai sha mamakin ƙarancin abin da zai samu a rubuce. Wa ya kafa gidan? Daga ina ya zo? Wace sana'a ya zo da ita, wa ya gaje ta, wa ya yar da ita? Ta yaya gona ta shigo hannun zuriyar, ta yaya kuma ta fita? Manufar wannan maƙala ita ce ta auna rubuce-rubucen da aka yi a kan ƙasar Zazzau da wannan ma'auni, sa'an nan ta tsaya a kan littafin da ya fi kusa da amsa waɗannan tambayoyi, watau labarin Baba ta Karo, ta nuna inda ya yi zarra da inda ya gaza.

2.0 Abin da Bahaushe Yake Nufi da Tarihin Gida

A wurin Bahaushen karkara, tarihin gida yana tafiya ne a kan abubuwa uku. Na farko asali, watau garin da kakanni suka fito da dalilin fitowarsu, wanda sau da yawa akan karanta shi a tsagar fuska tun kafin mai ita ya buɗe baki. Na biyu sana'a. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1959 a kan darajojin jama'a a ƙasar Hausa, ya jawo hankali ga bambancin da Hausawa suke yi tsakanin karda da shigege, watau sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da rana tsaka. Maƙerin gado da maƙerin shigege suna iya ƙera fartanya iri ɗaya, amma ba a yi musu kirari iri ɗaya. Na uku gandu, watau tsarin da uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, suke noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa a gefe.

Waɗannan abubuwa uku a sarƙe suke. Sana'ar rani ita take kawo kuɗin haraji da na aure da na sayen sabuwar gona, gonar kuma ita take ciyar da mai sana'a har ya iya jiran kasuwa ta yi kyau. Saboda haka duk rubutun da ya ɗauki ɗaya ya bar sauran, rabin labari ya bayar.

3.0 Tarihin Sarauta: Sunaye Ba Manomi

Rukunin farko na rubuce-rubuce shi ne na tarihin sarauta. Tun daga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta fitar a farkon shekarun 1930, har zuwa Government in Zazzau na M. G. Smith a 1960, an bi salsalar sarakuna da kyau. Smith ya zayyana gidajen sarauta huɗu na Zazzau, watau Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ya nuna wanda ya haifi wane, da muƙamin da kowa ya riƙe, da yadda dukiya da rinjoji suke bin sarauta su shiga wani gida su fita daga wani. Wannan shi ne tarihin gida a cikakkiyar siffarsa, sai dai gidan sarauta ne. Manomi da marini da ɗan koli ba su fitowa a cikinsa sai a jimlace, a matsayin masu biyan kuɗin ƙasa da kuɗin karofi, ko waɗanda hari ya ci. Laifin kuwa ba na marubucin ba ne shi kaɗai. Fada tana da maroƙa da makaɗa da mabusa waɗanda aikinsu ke nan su riƙe salsala, gidan talaka kuwa ba shi da kowa sai tsofaffinsa.

4.0 Rubutun Ƙididdiga: Manomi Ba Suna

Rukuni na biyu ya juya wa fada baya, ya nufi gona. M. G. Smith ɗin dai ya fitar da The Economy of Hausa Communities of Zaria a 1955, inda ya bi kuɗin shiga da na kashewa na magidanta masu sana'o'i daban-daban. Bayansa, a tsakiyar shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka zaɓi ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka bi gidaje suna rubuta aikin da kowa ya yi da amfanin da aka samu har shekara ta zagayo.

Ba za a raina wannan aiki ba. Shi ya tabbatar wa masana cewa manomin da yake haɗa gero da dawa da wake a gona guda ya san abin da yake yi, domin haɗin yana rage masa hasara idan damina ta yi gardama, yana kuma biyan wahalarsa a lokacin da noman farko da maimai suke cinye ƙarfin gida. Shi ya kuma nuna cewa wani babban kaso na lokacin magidanci yana tafiya ne a sana'ar da ba noma ba. A ƙasar Katsina, Polly Hill ta yi makamancin wannan a Batagarawa, a littafinta Rural Hausa na 1972, inda ta nuna irin tazarar da ke tsakanin gidajen ƙauye guda: wani yana ajiye hatsi ya sayar da tsada a tsakiyar damina, wani kuwa yana barin gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wancan.

Inda wannan rukuni ya gaza shi ne wajen zamani. Hoton shekara ɗaya ko biyu yake ɗauka. Ya nuna cewa gida kaza yana da gona mai faɗi, gida kaza kuma ba shi da ita, amma jadawali ba ya iya faɗin cewa kakan wannan ne ya sari daji, kakan wancan kuwa a rinji aka haife shi. Abin lura a nan shi ne, Hanwa ɗin da Norman ya auna, ita ce kuma Jan Hogendorn ya yi nazari a kanta tare da Biye a maƙalarsa ta 1977, a matsayin gandayen bayi na ƙarni na 19. Ƙauye ɗaya ke nan ya fito sau biyu a rubuce, sau ɗaya da alƙalumansa na shekarun 1960, sau ɗaya da tarihinsa na zamanin bauta. Abin da zai ɗinke su shi ne labarin gidaje ɗaya bayan ɗaya, daga kaka zuwa jika.

5.0 Labarin Baba ta Karo

5.1 Yadda Aka Same Shi

An ƙiyasta haihuwar Baba a 1877, a Karo, wata 'yar unguwar noma kusa da Zarewa, a kudu maso yammacin ƙasar Kano, dab da iyakar Zazzau. Ƙarshen rayuwarta kuwa a Giwa ta yi shi, garin da ke kan hanyar da ta ratsa Samaru da Shika ta nufi Funtuwa. A can Mary Smith, matar M. G. Smith, ta sadu da ita, ta zauna da ita tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana rubuta maganarta da hannu cikin Hausa. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. An buga fassarar Ingilishi a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, tare da gabatarwa da bayanai na M. G. Smith. Fassarar Faransanci ta fito a 1969. Matanin Hausa kuwa, Labarin Baba, Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano, bai fito ba sai a farkon shekarun 1990.

An saba karanta littafin a matsayin tarihin rayuwar mace Bahaushiya, kuma haka yake. Amma wanda ya karanta babobinsa na farko da idon basira zai ga cewa tarihin gidan manoma ne na zuriya uku zuwa huɗu, wanda aka ji daga bakin 'yar gidan.

5.2 Inda Ya Yi Zarra

Abu na farko shi ne asali. Baba ta fara da kakanta, Ibrahim Dara, da zuwan danginsu daga Barno, ta kira kansu Barebari, ta kuma sa kansu a sahun Haɓe, ba Fulani ba. Wannan kaɗai ya isa ya gyara tunanin mai ɗaukar cewa ƙauyen Hausa wuri ne da mutane suka tsiro a cikinsa kamar kuka. Gidan ya faro daga Barno, ya yi ƙarfi a ƙasar Kano, 'yarsa ta ƙare a ƙasar Zazzau. Iyakar masarautu ba ta tsare tarihin gida.

Abu na biyu shi ne yadda dukiya take taruwa ta kuma watse. Kakan ya bar bayi fiye da 100, aka raba su tsakanin 'ya'yansa, ciki har da Tsoho, mahaifin Baba, wanda manomi ne kuma malami. Ta bayyana zaman rinji dalla-dalla: bayi su yi aiki a gandun ubangida har azahar, a kai musu abinci gona, sa'an nan kowa ya juya ga tasa gayaunar. Saboda ingancin wannan bayani ne masu tarihin tattalin arziki, irin su Paul Lovejoy a maƙalarsa ta 1979 a kan gandayen Daular Sakkwato, suka riƙe shi a matsayin shaida. A nan mai karatu yana ganin abin da jadawali ya kasa nunawa, watau rabon gado yana mai da gandu ɗaya babba ya zama ƙanana da yawa.

Abu na uku shi ne yadda babban tarihi yake shigowa cikin gida. Littattafan sarauta suna ba da labarin zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, daga 1897 zuwa 1902, da matsin da Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya yi wa ƙasar, da shigowar Turawa. Baba kuwa ta ba da labarin wannan zamani ta fuskar wanda ake kai wa hari: gudu zuwa cikin ganuwa, sace mata da yara, da yadda dangi suke tara wuri su bi sawu su fanso nasu. Ba ta ɓoye cewa talakawa irinsu sun sami sauƙin hare-hare da zuwan Turawa ba, ba ta kuma ɓoye cewa zuwan nasu ne ya sa bayi da yawa suka watse, ƙarfin gandu ya ragu ba. Riba da hasara duka a gida ɗaya suka sauka.

Abu na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci ga mai nazarin al'ada, shi ne wanda ya riƙe labarin. Baba ta yi aure huɗu, na farkonsu auren zumunta, ba ta kuma haihu ba, sai 'ya'yan riƙo. Mace irin wannan, wadda ta zauna a gidaje da yawa, ta yi reno, ta halarci suna da biki da rasuwa, ita ce take sanin wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙon wane, wace saki ce ta raba zumunci, wane aure ne ya gyara shi. Namiji yakan ba da salsalar maza a miƙe, daga uba zuwa kaka. Tsohuwa kuwa ita take riƙe da saƙar, zare na tsaye da na kwance. Littafin ya tabbatar da cewa kundin tarihin gidan talaka a ɗakin tsohuwa yake.

5.3 Inda Ya Gaza

Gazawa ta farko ta taso ne daga inda ƙarfin littafin yake. Abin da ke cikin gida ya sami cikakken bayani, kamar kaɗi da dafa abincin sayarwa da tallar 'yan mata da ƙawance da bori da bukukuwan aure. Abin da ke bayan zaure kuwa, watau cinikin maza da sana'arsu ta rani da yadda suke samun jari da wanda suke bi bashi, a gurguje yake wucewa. Yankin Zarewa sananne ne da rini a ƙarni na 19, zamanin da baƙin yadin Kano yake kaiwa har Sahara, amma mai son sanin lissafin marina ko na fatauci ba zai ƙoshi a nan ba. Ke nan an sami manomin, mai sana'ar kuwa inuwarsa aka gani.

Gazawa ta biyu ita ce mahangar mai labari. Baba 'yar masu rinji ce. Bayin gidansu suna da sunaye a bakinta, tana kuma ambatonsu da sabo irin na wanda aka tashi tare, amma ba su da salsala. Ba a jin garin da aka kamo su, ko abin da ya sami zuriyarsu bayan sun watse. Dimajai, watau 'ya'yan bayi da aka haifa a gida, su ma manoma ne masu sana'a, jikokinsu kuma suna nan a ƙauyukan Zazzau da Kano. Tarihin gidajensu shi ne rabin da littafin bai bayar ba.

Gazawa ta uku ta hanyar aiki ce. Mai karatu yana jin amsoshin Baba, ba ya jin tambayoyin da aka yi mata. Tun da mijin marubuciyar yana binciken dangantaka da aure da tattalin arziki a daidai wannan lokaci, dole mai nazari ya yi hattara wajen rarrabe abin da Baba ta ga ya isa faɗi da abin da aka nemi ta faɗa. Yawan shafukan da bukukuwan aure suka ci yana iya zama zaɓinta, yana kuma iya zama zaɓin mai tambaya.

Gazawa ta huɗu ta harshe ce. Mary Smith ta yi ƙoƙari, ta bar kalmomi irin su gandu da rinji da ƙawa da bori yadda suke. Duk da haka, Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga goggo da inna, ɗaya ga baffa da kawu, ba shi kuma da kalmar da ta yi daidai da taubashi ko agola. A tarihin gida kuwa waɗannan kalmomi su ne ginshiƙai, domin su suke nuna wa ake jin kunya, wa ake wasa da shi, wa yake da hakkin riƙo. Abin takaici ne a ce mai karatu a Faransa ya riga Bazazzagi jin maganar Baba da fiye da shekara 20, alhali a Giwa aka yi ta, da Hausa.

6.0 Darasi ga Mai Bincike a Zabi da Kewayenta

Abin da ya sa wannan magana ta wuce ta ɗakin karatu shi ne halin da yankin yake ciki. Samaru da Sabon Gari sun faɗaɗa, gonaki da yawa sun zama filotai, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ɗaukaka takarda a kan shaidar baki. A da, iyakar gona tana cikin kan dattijo, yana nuna ta da jerin gamba ko wata tsohuwar ɗorawa. Idan aka sare ɗorawar, dattijon kuma ya kwanta dama, shaidar ta tafi. Haka ma sana'a: gidan da ake kira gidan maƙera ko gidan marina yana iya kasancewa babu mai riƙe da masaba ko muciya a cikinsa, sunan kaɗai ya rage.

Ɗalibin da zai ɗauki gida guda a Zabi ko Hanwa ko Bomo yana da abin koyi daga kowane rukuni. Daga Baba zai koyi fara sallama a ɗakin tsohuwa, ya rubuta maganarta da Hausarta, ya kuma ajiye tambayoyinsa tare da amsoshinta. Daga Norman da Hill zai koyi tambayar adadi: dami nawa, jaki nawa, gona nawa aka raba wa mutum nawa. Daga tarihin sarauta kuwa zai sami ma'aunin shekaru, domin tsoho ba ya cewa 1930, sai dai ya ce zamanin Sarki Ibrahim. Sanin cewa Aliyu Ɗan Sidi ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, Ja'afaru daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, Shehu Idris kuma daga 1975 zuwa 2020, zai ba shi damar ɗora kowace haihuwa da ƙaura a muhallinta. Haka nan zuwan jirgi a 1911, da yunwar 1914, da farin 1973, wanda ya zo shekara ɗaya da canjin kuɗi zuwa naira.

Akwai kuma wurin da zai taka a hankali. Ba kowane gida ne yake son a tono asalinsa ba, musamman inda salsala ta bi ta rinji, ko ta wata sana'a da jama'a suke rainawa. Sau da yawa akan rufe irin wannan da cewa daga gabas aka zo. Aikin mai bincike shi ne ya rubuta abin da aka faɗa masa yadda aka faɗe shi, ya gwada shi da tsaga da kirari da maƙabartar dangi da bakin maƙwabta, sa'an nan ya nemi yardar masu gida kafin ya fitar da abin da zai kunyata su. Amanar da Baba ta ba baƙuwarta ita ta haifi littafin, ba dabarar tambaya ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa rubuce-rubucen da suka shafi ƙasar Zazzau sun kasu uku dangane da manomi mai sana'a. Tarihin sarauta ya riƙe sunaye da salsala, ya bar manomi a waje. Rubutun ƙididdiga ya shiga gonarsa ya auna, amma bai tambayi kakansa ba. Labarin Baba ya haɗa suna da gona da zamani a gida ɗaya, ko da yake ya taƙaita a kan sana'ar maza, ya yi shiru a kan salsalar bayi, ya kuma daɗe kafin ya dawo harshen da aka yi shi. Darajarsa tana nan duk da wannan, domin ya nuna cewa gidan talaka yana da tarihin da zai cika littafi. Baba ta rasu ƙasa da shekara 2 bayan an gama rubuta maganarta. Da an yi jinkiri kaɗan, da babu wanda ya san Karo a yau. Tsofaffin Zabi da Hanwa da Bomo waɗanda suka ga ƙarshen gandu da idonsu suna nan da sauransu, amma ba za su jira mai bincike ba.